Hayaƙin Taya a Zangon Kumasi: Akwai Direbobi, Akwai Makanikai, Fili Ne Babu

Da an sauko daga Idi a Kumasi, an ci an sha, rana ta ɗan karkata, sai titunan Aboabo da Asawase da Sawaba su sauya murya. Kabbara ta lafa, ƙarar salansa ta karɓe gari. Samari bibbiyu, wani lokaci uku-uku a kan babur guda, sababbin kayan Sallah na kaɗawa a iska, da wuya ka ga hular kwano a kan ko mutum ɗaya. Wannan ya ɗaga tayar gaba ya tafi a kan ta baya kaɗai, wancan ya kwanta rub-da-ciki a kan tanki. Mai mota kuma ya nemi mahaɗar hanya, ya fizgi birkin hannu, gindin motar ya wulwula, baƙin zane ya kwanta a kwalta, ƙaurin roba ya cika hanci. Yara na bin sa da ihu, tsakaninsu da ƙarfen bai fi taku uku ba. Mai sayar da waake tana jan teburinta baya tana salati.

Kowace shekara limamai na yin gargaɗi a huɗuba, sarakunan Zango na aika saƙo, 'yan sandan kula da zirga-zirga na jan kunne kafin Sallah ta zo. Kowace shekara kuma ana sake yi. Abin da aka shekara da shekaru ana hanawa bai hanu ba, ya kamata a zauna a dube shi da kyau. Abin da yaran nan ke yi a tsakiyar jama'a, a wasu ƙasashe wasa ne mai dokoki da alƙalai da lasisi da motar asibiti a gefe. Kuma ba sai ƙasa ta mallaki filin Formula 1 ake yin sa ba. Ƙananan kulob na masu sha'awa ne ke riƙe da shi, mutanen da ranar Litinin za ka same su a shago ko ofis ko gareji, ranar Asabar kuma su buɗe kakar tserensu da abu biyu: zagayen da ake auna wa lokaci, da wasan zamiya da samari ke kira diriftin.

Yadda ake buɗe kaka

Ranar farko ta kakar kulob ba ta farawa da gudu. Da layi take farawa. Tun da sassafe motoci ke jeruwa gaban masu bincike, su kuwa ba su da sani ba su da sabo. Za su girgiza batir su ga ko a ɗaure yake, su taka birki su ji ko yana nutsewa, su leƙa ƙarƙashi ko mai na ɗiga, su ƙirga notocin taya, su ja bel ɗin kujera, su juya hular kwano su duba ko ta taɓa tsagewa. Duk abin da ke yawo a cikin mota, daga jak har gorar ruwa, sai an fitar da shi. Motar da ta faɗi binciken nan ba ta taka fili, ko da ta shugaban kulob ce.

Daga nan sai taron direbobi, inda ake maimaita ma'anar tutoci ko da kowa ya haddace. Kore na nufin hanya a buɗe take. Rawaya na nufin akwai haɗari a gaba, a sassauta, kada a wuce kowa. Ja na nufin an tsayar da komai. Baƙa kuwa ta mutum ɗaya ce, wanda aka ce ya fito ya zo ya amsa tambaya. Masu riƙe tutocin nan 'yan sa-kai ne da ke tsaye a kowace kwana, da tukunyar kashe gobara a gefensu, kuma ba a sakin mota ko ɗaya sai sun kama wurarensu.

Zagayen lokaci shi ne mafi sauƙin fahimta. Ba a jera motoci a sake su gaba ɗaya su yi ta gogayya. Ana sakin su ne da tazara, kowa abokin hamayyarsa agogo. A wuraren da ke da hali ana liƙa wa mota wata 'yar na'ura da ke sanar da kwamfuta duk lokacin da ta tsallake layi, har kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Inda babu hali, agogon hannu da mutum biyu masu amana sun wadatar. A Japan aka raya wannan salo, a filin Tsukuba mai tsawon mita 2,045, inda zagaya shi cikin ƙasa da minti ɗaya ya zama ma'aunin da ake gane mota da direban da suka isa. Darasin da sabon shiga ke fara koya a nan yakan ba shi mamaki: ihun taya ɓata lokaci ne. Wanda ya shiga kwana da hauka, motarsa ta zame, jama'a suka yi tafi, shi ne za a gani a ƙasan takardar sakamako. Wanda ya taka birki da wuri, a miƙe, ya lallaɓa ya shiga, ya buɗe wuta a wajen fita, shi ke sama. Agogo ba ya jin tafi.

Zamiya kuwa akasin haka ce, domin ita alƙalai ke yanke mata hukunci. Direba zai sa tayoyin baya su rabu da riƙon kwalta da gangan, ko da fizgar birkin hannu, ko da taka kuloci a sake shi farat ɗaya, ko da kaɗa motar hagu kafin a jefa ta dama. Daga nan sai ya juya sitiyari ɓangaren da gindin ya nufa, ya riƙe motar a karkace da ƙafarsa a kan totur, ya bi da ita ta wuraren da aka yi wa alama. Alƙalai na duba layin da ya bi, da girman karkatar, da salon da ya yi. Waɗanda suka haye matakin farko sai a haɗa su bibbiyu: ɗaya a gaba, ɗaya a baya yana kwaikwayonsa ƙofa da ƙofa ba tare da ya taɓa shi ba, sannan su yi musanya. In alƙalai suka kasa rabewa, sai a ce a sake.

Abin da ya kamata mutumin Zango ya lura da shi shi ne asalin wasan. A kan titi aka haife shi, cikin dare, a hanyoyin duwatsun Japan, kuma hukuma ba ta ƙaunarsa. Keiichi Tsuchiya, wanda ya ɗauki salon daga kallon tuƙin Kunimitsu Takahashi, ya yi suna da wata ƙaramar Toyota Corolla samfurin AE86. Faifan bidiyon da aka ɗauka yana zamiya a hanyar jama'a a 1987 ya jawo aka dakatar da lasisinsa na tsere. Shi ɗin dai yana cikin waɗanda suka kafa gasar D1 Grand Prix a farkon shekarun 2000, Amurka kuma ta bi sahu da Formula Drift a 2004. Kusa da gida ma akwai misali. A Soweto ta Afirka ta Kudu, juya mota samfurin BMW 325i da suke kira gusheshe ya fara ne a shekarun 1980, a wajen jana'izar 'yan daba. A 2014 hukumar wasannin motoci ta ƙasar ta karɓe shi a matsayin wasa, aka kewaye masa filaye, har mata irin su Stacey-Lee May suka yi fice a ciki. Ba wa'azi kaɗai ya raba shi da titi ba, ba kuma kulki kaɗai ba. Wurin yi aka ba shi, sannan aka ɗora masa sharaɗi.

Suame

Duk garin da zai yi wasan mota, abu mafi wuyar samu a gare shi shi ne hannun da zai gyara abin da aka fasa. A nan Kumasi ba ta da na biyu a Afirka ta Yamma. Suame Magazine, wanda ya samo tushe tun shekarun 1930 lokacin da masu gyara suka fara taruwa kusa da wani tsohon rumbun makaman Turawan mulki, yau gari ne a cikin gari, ana ƙiyasta masu cin abinci a cikinsa da kusan mutum 200,000. Daga Burkina Faso da Mali da Kwaddibuwa da Togo ake kawo manyan motoci a yi musu aiki a nan. 'Ya'yan Zango da na arewacin Gana na cike a ciki, a walda, a gyaran lantarki, a sayar da kayan gyara, a saye da sayar da tsohon ƙarfe, kuma Hausa na cikin harsunan da ake ciniki da su a layukansa.

Ka tsaya a rumfa ɗaya ka kalli aiki. Ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai na shekaru. Injin na rataye da sarƙa a jikin ƙarafa uku da aka haɗa kansu. Masta na zaune a kan tsohuwar kujerar mota, bai taɓa sifana ba tukuna, kunne kawai ya kasa. Ya sa yaro ya taka totur, ya ɗaga hannu a saki, ya sake cewa a taka. Sannan ya nuna wuri ɗaya da yatsa, yaran su duƙufa. Ƙarfen da babu shi a kasuwa, akwai mai injin sassaƙa a layi na gaba da zai fitar da shi daga guntun wani. A 1980 jami'ar KNUST ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a tsakiyar wurin don kawo musu injinan aiki da horo. A 2013 kuma ƙungiyar masu sana'ar wurin, SMIDO, tare da wasu 'yan Holan, suka haɗa mota sukutum daga kayan da ke cikin Magazine, suka sa mata suna Turtle 1, aka ɗauke ta a jirgin ruwa zuwa Turai aka nuna ta.

Motar zamiya ta matakin kulob ba ta fi ƙarfin waɗannan mutane ba ko kaɗan. Ana son mota mai jan baya, irin tsofaffin BMW da Marsandi 190 da har yanzu ake gani a gareji sun yi ƙura. Ana buɗe akwatin haƙoran da ke tsakanin tayoyin baya a yi masa walda, don tayoyin biyu su riƙa juyawa tare. Ana cire kujerun baya da duk wani nauyi, a gyara birkin hannu ya riƙa kamawa nan take, a kula da lagireto domin injin na shan wuya alhali iska ba ta bugunsa ta gaba. Sai kejin ƙarfe a cikin mota, wanda ke hana rufi murƙushe direba in ta kife. A nan ne kaɗai nake da fargaba, kuma gara a faɗe ta. Keji ba aikin bututun ruwa ba ne, ba kuma aikin a-lallaɓa ba ne. Yana da nau'in ƙarfensa da kaurinsa da inda ake dasa ƙafafunsa, kuma wanda aka yi ba daidai ba ya fi babu haɗari, domin shi zai karye ya soki wanda aka ce ya kare. Hannun Suame zai iya, amma sai an kawo masa ma'auni a rubuce, an kuma sami mai binciken da ba ya jin kunyar cewa a sake. Wannan aiki ne da ya dace da sashen injiniyan motoci na Jami'ar Fasaha ta Kumasi da KNUST.

Tsada kuwa gaskiya ce. Gana na ɗora tara a kan shigo da motar da ta haura shekara 10, tayoyin baya kuma zamiya na cinye su cikin 'yan mintuna. Shi ya sa zagayen lokaci ya fi dacewa ya zama ƙofar shiga. Ƙananan motocin da suka cika Kumasi, irin Vitz da i10 da Matiz masu jan gaba, ba za su yi zamiyar kirki ba, amma kowace za ta iya zagaya robobin alama a fili, a giya ta ɗaya da ta biyu, a ajinta, da tayoyin da ta zo da su. A Ingila ƙananan kulob sun daɗe suna shirya irin wannan gasa a filin ajiye motoci, mutum ya zo da motar da yake zuwa aiki da ita, ya koma gida da ita da yamma. Masu babur ma haka, a ware musu lokacinsu da ajinsu, da sharaɗin hula da safar hannu da takalmi.

Abin da hanya ta ci

Wanda zai ce a bar maganar nan gaba ɗaya yana da hujja, kuma hujjarsa na kwance a sashen haɗurra na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Alƙaluman Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun nuna mutum 2,494 ne suka mutu a hanyoyin Gana a 2024, yankin Ashanti na cikin waɗanda suka fi asara, masu babur da masu tafiya a ƙasa kuma na da kaso mai yawa. Dokar hanya ta 2004 da ƙa'idojin 2012 sun haramta tuƙin ganganci, sun kuma ƙayyade gudun cikin gari a kilomita 50 a awa. A Oktoban 2021 'yan sanda sun kama wani direba da aka ɗauka a bidiyo yana juya mota a mahaɗar filin jirgin sama ta Accra, aka kai shi kotu. Daidai ne, kuma haka ya kamata a yi wa duk wanda ya mai da titin jama'a filin wasa.

Zango ba ya buƙatar a koya masa abin da hanya ke ci. Babban filin ƙwallon Kumasi sunan ɗan Zango yake ɗauke da shi: Baba Yara, ɗan wasan gefe na Asante Kotoko da Real Republicans da Black Stars, wanda ake yi wa kirari da sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. Ranar 24 ga Maris 1963, yana da shekara 26, motar da ta ɗauko ƙungiyarsa daga wasa ta yi haɗari a Kpeve ta yankin Volta, ya samu rauni a laka. An kai shi asibitin Stoke Mandeville a Ingila, ya dawo a keken guragu, ya rasu a watan Mayun 1969. Shi fasinja ne, ba tsere yake yi ba. Amma duk wanda ya san labarin ya san yadda daƙiƙa ɗaya a kan kwalta ke shafe baiwar da gari ya yi shekaru yana reno.

Don haka ne ma nake ganin fili ya fi hani. Yaron da aka hana kawai, ranar Sallah zai jira ɗan sanda ya juya baya. Yaron da ke da katin kulob, wanda ya san in aka kama shi yana wasa a titi za a hana shi shiga gasa har ƙarshen kaka, yana da abin da zai yi asara. Kuma abin da fili ke fara karewa 'yan kallo ne. Wasan mota ya koyi wannan da jini: a Le Mans ta Faransa, ranar 11 ga Yunin 1955, mota ɗaya ta tashi ta faɗa cikin jama'a ta kashe mutum fiye da 80, har Suwizalan ta haramta tseren zagaye na tsawon gomman shekaru. Tun daga nan doka ta farko ita ce tazara da shinge. A titin Aboabo ranar Sallah babu ko ɗaya.

Akwai kuma maganar malamai, wadda ba a tsallake ta a Zango. Suna cewa ƙona taya almubazzaranci ne, kuma jefa rai cikin halaka haramun ne. Magana ce mai nauyi, kuma a kan wasan titi babu abin da za a ce da ita sai na'am. Sai dai fiƙihu ya san tsere, ya halatta na dawaki da na raƙuma bisa sharuɗɗa, kuma Bahaushe bai taɓa ɗaukar sukuwa a gaban sarki a matsayin hauka ba, domin tana da filinta da lokacinta da mai tsawatarwa, mahayin kuma an san gidan da ya koyi riƙon linzami. Abin da ya rage shi ne a cika sharuɗɗan: a kare rai iyakar iko, a nisanci caca, a tsaya in lokacin salla ya yi, kada kuma wani ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin cefanen gida don taya. Kulob ɗin da ya gayyaci limami ya zauna cikin masu rubuta dokokinsa tun farko zai huta da rigima mai yawa.

Ina filin?

Afirka ba baƙuwar wasan mota ba ce. Kenya na yin Safari Rally tun 1953, kuma ya koma cikin gasar duniya a 2021. Maƙwabciya Kwaddibuwa na da gasar Bandama tun 1969, wadda a 1972 ta yi tsananin da ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Mutanen Agadas sun sha ganin ayarin Paris–Dakar na ratsa garinsu. Waɗannan duka manyan harkoki ne masu cin kuɗi. Abin da Kumasi ke buƙata ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba: shimfiɗaɗɗen wuri mai kwalta ko siminti, kamar girman filin ƙwallo biyu, nesa da gidaje saboda ƙara, da tsofaffin tayoyi a ɗaure jere-jere a matsayin shinge. Tsofaffin tayoyi kuwa ba abin da Suame ta rasa ba ne.

Garin ya taɓa ware wa tsere wuri. Unguwar da har yau ake kira Racecourse, kusa da Bantama, filin sukuwar dawaki ce a da. Yanzu kasuwa ce da tashar mota, musamman tun da aka kwashe 'yan kasuwar Kejetia zuwa can lokacin sake gina ta. Ƙasa a tsakiyar Kumasi ta yi tsada, ba mai ba da ita don wasa. Amma a gefen gari akwai manyan filayen ajiye motoci da harabobin ma'aikatu da ba a komai a cikinsu ranar Lahadi, kuma aron wuni ɗaya ya isa a fara. Ƙasar Asante a hannun sarakuna take, ƙarƙashin Otumfuo Osei Tutu II, kuma sarakunan Zango na da hanyar shiga fadarsa ta Manhyia da suka gada tun kakanni. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017 ya shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba a unguwanni da dama, wato an riga an yarda cewa wasa na cikin raya unguwa. Zangon da ya fitar da ƙungiyar ƙwallo ta King Faisal ta hannun Alhaji Karim Grusah ya san yadda ake tara yara a ƙarƙashin riga ɗaya da doka ɗaya.

Tsarin ba ya wuce a lissafa shi da yatsu. Mastocin Suame da shugabannin matasan Aboabo da Asawase su yi rajistar kulob, su nemi izinin 'yan sanda da na Majalisar Asokore Mampong ko ta birnin Kumasi, gwargwadon inda filin ya faɗa. A yi yarjejeniya da hukumar motocin asibiti da 'yan kwana-kwana su tsaya daga farko har ƙarshe, a nemi kamfanin inshora, a nemi masu sayar da taya da man inji su ɗauki nauyin kofi, tunda su ne za su fi kowa cin riba. A horar da masu tuta mako biyu kafin ranar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, tsakanin Disamba da Fabrairu, kafin ruwan Maris ya sauko. Asabar a yi bincike da zagayen lokaci, Lahadi a yi zamiya, kuma duk wanda ba shi da lasisin tuƙi na hukumar DVLA ya tsaya a bayan shinge ya riƙe tuta, har shekarar da zai samu.